Daga Kano zuwa Smallhythe: bin sawun Ellen Terry

Na bar Kano da sassafe a motar haya ta Kaduna, jaka ɗaya a hannu, a cikin watan Yuli da damina ta zauna. Tsakanin Kwanar Dangora da Zariya mun tsaya a shinge fiye da sau huɗu. Direba ya sauke gilashi ya ce "Sannu da aiki, Yallaɓai", a leƙa mu, a ɗaga hannu, mu wuce. A Rigasa na hau jirgin ƙasa zuwa Idu, na kwana Abuja, washegari jirgin sama ya ɗaga da mu zuwa Landan, tafiyar awa shida da 'yan mintuna.

Mai niyyar irin wannan tafiya ya san abu biyu tun daga gida. Bizar ziyara ta wata shida ta haura fam 100, kuma ba a mayar da kuɗin in an hana ka, don haka takardun banki da na wurin aiki su zama sun yi daidai da abin da ka rubuta a fom. Na biyu, kada ka sa kilishi ko dambun nama ko man shanu a jaka, domin dokar Birtaniya ta hana matafiyi daga ƙasashenmu shiga da nama da kayan madara. Garin kunu da yaji da dabino na ɗauka, babu wanda ya ce mini uffan.

A Heathrow mai fasfon Najeriya ba ya bi ta ƙofar na'ura, layin jami'ai yake bi, kuma layin ya ci mini kusan awa guda. Jami'ar ta tambayi abin da ya kawo ni, da inda zan sauka, da ranar komawa. Na ce na zo ganin wuraren da suka shafi Ellen Terry, 'yar wasan kwaikwayon da ta rasu a 1928. Ta dubi tikitin komawa da takardar masauki, ta buga hatimi. Agogo ban taɓa shi ba, don a lokacin zafinsu ƙarfe nawa a Kano ƙarfe nawa ne a Landan. Abin da ke rikita baƙo shi ne tsawon yini: magariba ba ta faɗuwa sai bayan tara na dare, asuba kuma tun wajen ƙarfe uku ta shigo. Wanda bai tsara barcinsa ba, kwana biyu zai yi yana layi.

Jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin Piccadilly ya kai ni Earl's Court kai tsaye. Da gangan na zaɓi unguwar. Ƙananan otal-otal sun yi yawa a nan, na samu ɗaki a kan kusan fam 90 kwana ɗaya, ɗakin da in ka shimfiɗa dadduma sai ka ɗaga jaka ka ɗora a gado. Kuma taku kaɗan daga tashar akwai Barkston Gardens, inda gida mai lamba 22 ke ɗauke da shuɗin allon nan da Turawan Ingila ke mannawa a gidajen da manyan mutane suka zauna. Nan Ellen Terry ta zauna a shekarun da babu 'yar wasan da ta kama ƙafarta a Ingila. Gida ne na jan bulo a cikin jerin gidaje iri ɗaya, ba a shiga, daga titi ake kallo.

Washegari na yi sammako zuwa Coventry daga tashar Euston, tafiyar awa ɗaya. A nan aka haife ta ranar 27 ga Fabrairu, 1847, ba don iyayenta 'yan garin ba ne, sai don yawon wasa ya biyo da su ta nan. Benjamin da Sarah Terry 'yan wasan sha-yawo ne, yau wannan gari gobe wancan, suna kwana a ɗakunan haya. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: Kate da Ellen da Marion da Florence da Fred duk dandamali suka hau, kuma jikan Kate shi ne shahararren ɗan wasan nan John Gielgud. Gidan da aka haife ta babu shi, ruwan bama-baman Jamus na daren 14 ga Nuwamba, 1940 ya shafe tsakiyar birnin. Abin da na tarar shi ne wani tsohon gidan silima a Jordan Well da jami'ar garin ta mayar wurin koyar da wasa da aikin fim, aka sa masa sunanta. Wanda lokacinsa ya yi kaɗan zai iya tsallake Coventry bai yi asarar komai ba. Kafin la'asar na dawo Landan.

Kwana na uku ne na ƙafa, kuma shi ne ya fi albarka. Komai yana cikin da'irar da ba ta wuce tafiyar rabin awa ba. Na fara da titin Oxford, inda a da gidan wasa na Princess's yake, yanzu shaguna ne. A nan ta fara fitowa a 1856, tana da shekara tara, a matsayin yaro ɗan sarki a wani wasan Shakespeare da Charles Kean ya shirya, ana biyanta sule 15 a mako. Horon da ta sha a hannun matar Kean ya tuna mini da zaman almajiri gaban malamin tajwidi: kowane harafi sai ya fita daga mafitarsa, a maimaita kalma ɗaya har sai wanda ke kujerar ƙarshe a bene ya ji ta ba tare da an ɗaga murya ba. Babu lasifika a zamanin. Gwajin wasa kan kai tsakar dare, yara na gyangyaɗi a bayan labule. Akwai daren da ƙofar nan ta ƙasan dandamali, wadda ake ɓullo da aljanun wasa ta cikinta, ta datse mata yatsan ƙafa ya karye, amma ta ƙarasa jawabinta tana kuka kafin a ɗauke ta.

Daga nan na gangara gidan hotunan mashahuran mutane da ke bayan dandalin Trafalgar. Shiga kyauta ne, sai dai a duba jaka a ƙofa. Zanen da na je nema ƙarami ne, bai kai faɗin faranti biyu ba: yarinya 'yar shekara 16 ko 17 ta kai hancinta ga wani jan fure mai ƙawa amma marar ƙamshi, alhali a ɗaya tafin hannunta akwai 'yan ƙananan furanni masu ƙamshi da ta manta da su. Mijinta na farko, George Frederic Watts, shi ya zana a 1864, shekarar da ya aure ta. Shi yana da 46, ita saura mako guda ta cika 17. Manufarsa a zanen a fili take: dandamali shi ne furen banza, zaman gida shi ne mai ƙamshi. Auren bai kai shekara ba, wata goma aka mayar da ita gidan iyayenta. Na daɗe a gaban zanen nan, domin muhawarar da ke cikinsa ba baƙuwa ba ce gare mu. Duk wanda ya san harkar fim a Kano ya san yadda ake ja-in-ja a kan 'yar wasa da aure, da yadda in auren ya mutu ita ake nunawa da yatsa. Ingila ta zamanin Sarauniya Victoria ma haka ta ɗauki 'yar wasa, a tafa mata da dare, a ƙi gayyatarta walima da rana.

Rayuwarta bayan nan ba a miƙe ta tafi ba, kuma ban ga amfanin ɓoyewa ba. A 1868 ta bar wasa ta bi wani mai zanen gine-gine, Edward Godwin, zuwa ƙauye a Hertfordshire, ba da aure ba, ta haifi Edith a 1869 da Edward Gordon Craig a 1872. Bashi ne ya dawo da ita dandamali a 1874, lokacin da masu bin kuɗi suka fara kwashe kayan ɗaki. Shekara guda bayan haka ta fito a wasan Shakespeare na ɗan kasuwar Venice a matsayin Portia, matar nan da ta yi shigar lauya ta kuɓutar da ɗan kasuwa daga mai bin bashin tsokar jikinsa, kuma daga wannan fitowa Landan ta san an yi 'yar wasa.

Gidan wasa na Lyceum yana kan titin Wellington, gab da Strand. Ginshiƙai shida na gabansa tun na 1834 ne, amma cikinsa an rushe an sake gini a 1904, don haka ɗakin da take wasa a ciki babu shi. Na zaga ta bayan ginin, inda aka rubuta sunaye uku a jikin bango can sama: Irving, Terry, Stoker. Henry Irving shi ne mai gidan kuma babban ɗan wasa, Bram Stoker shi ne manajan da ke riƙe da lissafi. Ta shiga kamfanin a ƙarshen 1878, ta fara da fitowa a matsayin Ophelia a wasan Hamlet ranar 30 ga Disamba, ta zauna har 1902. Shekara 24 ke nan. Wasan ɗan kasuwar Venice da suka yi a 1879 ya kwana 250 a jere, abin da ba a saba gani ba ga wasan Shakespeare. A 1883 suka fara ƙetara teku zuwa Amurka da 'yan wasa da kaya da labulaye cike da jirgin ruwa.

Sai an fahimci hasken gidan nan kafin a fahimci rigar wasanta da zan je gani a gidanta na ƙauyen Smallhythe, a yankin Kent. Irving da fitilun gas yake aiki, ko da lantarki ya shigo bai yi saurin rungumarsa ba, saboda harshen gas ana iya rage shi a hankali kamar yadda ake rage lagwanin fitilar ƙwai, kuma haskensa mai taushi ne. Shi ne ya yi fice wajen dusashe hasken ɓangaren 'yan kallo domin ido ya tattaru a dandamali. Don haska mutum ɗaya kuma, akwai wata fitila da ake hura wa dunƙulen farar ƙasa wutar iska biyu, oksijin da haidurojin, har ya yi fari fat yana ƙyalli. Mutum ne ke tsaye a kanta yana juya dunƙulen, domin in wuta ta ci gefe ɗaya ta yi rami, sai hasken ya raunana ko dunƙulen ya fashe. Zafi da hayaƙi da haɗarin gobara kullum suna nan. A 1898 gobara ta cinye rumbun da Irving ke ajiye labulaye da kayan wasanninsa na shekaru, kuma daga wannan asara kamfanin bai sake miƙewa sosai ba.

Na ƙare yinin a cocin St Paul da ke Covent Garden, wanda ake kira cocin 'yan wasa. Baƙo kan ɓata lokaci a gaban manyan ginshiƙan da ke kallon kasuwa yana neman ƙofa. Ƙofar can ta ado ce, ba ta buɗewa, ta baya ake shiga, ta cikin wani ɗan lambu. Bangon ciki cike yake da allunan sunayen 'yan wasa, kuma kusa da gaba, a hannun dama, akwai wani ƙoƙon azurfa a cikin alkuki. Tokar gawarta ce a ciki. Ƙona gawa ba al'adarmu ba ce, kuma ban iya tsayawa na daɗe ba. Na fita na ci shinkafa da kaza a wani shagon halal, fam 12, na koma masauki.

Tafiyar Kent tana son shiri, kuma a nan ne mutane ke yin kuskure. Gidan Smallhythe a rufe yake duk lokacin sanyi, kuma ko a lokacin zafi ba kullum ake buɗewa ba, don haka a duba ranaku a intanet kafin a sayi tikiti. A kuma tabbatar rigar tana gida, domin akan ba da aronta. A 2024 an kai ta gidan zane na Tate a Landan aka ajiye ta kusa da zanen da aka yi wa Ellen Terry sanye da ita. Daga tashar St Pancras jirgi mai gudu yana kai mutum Ashford cikin minti 40 ba kaɗan, na biya wajen fam 40 zuwa da dawowa, kuma ya fi sauƙi in an bari cunkoson safe ya wuce. Daga Ashford bas ce zuwa Tenterden. Daga Tenterden saura mil biyu a kan hanyar Rye, amma motar da ke bi ta nan jefi-jefi take zuwa, ranar Lahadi kuwa kada ma a sa rai. Takawa a ƙasa ba shawara ba ce, domin hanyar siririya ce, shingen ganye ya matse ta hagu da dama, babu gefen masu tafiya a ƙasa a wurare da yawa, motoci kuma ta hagu suke bi, ta inda idonmu bai saba dubawa ba. Tasi ba a tare ta a titi kamar Adaidaita, sai an kira ta a waya. Na biya fam goma.

A Tenterden na ci kifi da soyayyen dankali. A tambaya tukuna ko an kwaɓa fulawar da giya, da kuma irin man da aka soya da shi, don wasu shagunan da kitsen dabba suke suya. Masallaci babu a kusa, na yi alwala tun daga tashar Ashford, na haɗa azahar da la'asar a wani lungun lambu.

Gidan yana bakin hanya, ba katanga, ba ƙofar soro. Ginin katako ne na farkon ƙarni na 16: an kafa ƙashin gida da manyan itatuwa baƙaƙe, aka cike tsakaninsu da yaɓe, aka shafe da fari, bene ya ɗan turo gaba ya rufa wa na ƙasa. Maginin Hausa zai gane dabarar nan take, don ita ce ta azara da laka, sai dai su sun bar itacen a waje ana gani. Abin da ya ba ni mamaki shi ne tarihin ƙauyen. Na tsaya ina kallon fadama da tumaki har iyakar gani, wata dattijuwa daga cikin masu aikin sa-kai ta ce mini nan tashar jiragen ruwa ce a da. Kogin Rother ta nan yake bi, kuma a nan aka ƙera wa Sarki Henry na Biyar jirgi a farkon ƙarni na 15. Yashi da laka suka cike hanyar ruwan, teku ta ja da baya mil da yawa, sana'a ta mutu. Wanda ya ga inda Tafkin Chadi yake a da da inda yake yanzu ba zai yi musu ba.

Ellen Terry ta sayi gidan a 1899. Labarin da ake bayarwa shi ne ta gan shi ne tana wucewa a keken doki tare da Irving, ta roƙi wani makiyayi ya sanar da ita duk ranar da aka sa shi a kasuwa. A nan ta rasu ranar 21 ga Yuli, 1928, tana da shekara 81. Kuɗin shiga ya ɗan haura fam goma. Dogo ya sunkuyar da kai a kowace ƙofa, daɓen bene kuma a karkace yake har kana jin kamar ƙasa na jan ka gefe ɗaya.

Rigar tana sama, cikin akwatin gilashi, a ɗakin da aka rage wa haske. Gani ya kori ji. A hoto takan fito kamar ƙarfe, amma a kusa saƙar kwarashi ce, irin wadda matanmu ke yi wa hular jarirai, da koren zaren ulu da aka murɗa da wani siririn zare shuɗi mai ƙyalli. Alice Comyns Carr ce ta tsara ta, Ada Nettleship ta saƙa, domin fitowar Ellen Terry a matsayin matar Macbeth, a wasan Shakespeare mai wannan suna, a ƙarshen Disamba 1888. So ake ta yi kama da sulke, ta kuma yi kama da saɓar maciji. A jikinta an ɗinka ɓawon fiffiken wani ƙwaro na ƙasashen Asiya guda kusan 1,000, kowanne kamar tsawon gaɓar yatsa, kore mai juyawa zuwa shuɗi in ka matsa gefe. An huda kowanne an ɗaure shi da zare, ɗaya bayan ɗaya. Hannayen rigar faffaɗa ne, suna zuba har kusan ƙasa kamar na babbar riga in an sake su. Yanzu ka ƙaddara wannan a ƙarƙashin wancan farin hasken farar ƙasa, ɗaki duhu, mace mai jan gashi kitso biyu har gwiwa tana saukowa. Kowane motsi nata sai rigar ta amsa.

Yadda aka ceto rigar shi ne abin da na fi yi wa dattijuwar tambaya a kai. Saƙar kwarashi ba ta son rataya: nauyin ɓawon da na ado yana jan ta ƙasa, idanun saƙar su buɗe, zare ya tsinke. Ga gumi, ga shiga da fita akwati a tafiye-tafiyen Amurka, ga gyare-gyaren da aka yi ta yi mata. Masu gyaran tsofaffin tufafi a Brighton sun shafe awa kusan 1,300 a kanta, aka kashe fam 110,000, ta dawo gida a 2011. Da suka kwance ta sai suka gane ashe ragowar riguna biyu ne aka haɗe wuri ɗaya, sai da suka bi tsofaffin hotuna da zanen John Singer Sargent na 1889 kafin su mayar da ita siffarta ta asali. Ɓawon da ya karye da siririyar takardar Japan da kokon alkama aka liƙe shi ta ciki. Waɗanda suka zube a tsawon shekaru, ashe ana tsince su ana adanawa, aka mayar da su. Shi ya sa ɗakin yake da duhu: haske ne ke cin launin zare. A zanen Sargent ta ɗaga kambin sarauta sama da kanta da hannu biyu. Wannan mai zane ne ya ƙirƙira, ba ta taɓa yin haka a dandamali ba.

Amma abin da ya fi kama ni ba rigar ba ce, littattafan wasanta ne. Gefen kowane shafi cike yake da rubutun hannunta: nan a dakata, nan a sassauta murya, wannan kalma a danna ta, nan a juya baya. Mutane suna cewa baiwa ce da fara'a suka ɗaukaka ta, to ga shaidar cewa aiki ne na mai ƙirga numfashi. Kafin ita, an saba nuna matar Macbeth a matsayin dodanniya mai tsawa, bisa salon Sarah Siddons, fitacciyar 'yar wasan da ta gabace ta. Ita sai ta karanta wasan ta ga mace mai son mijinta, wadda ta tura shi ga kisa don tana ganin ya cancanci sarauta, sannan abin ya fi ƙarfin zuciyarta ta karye. Masu sharhi sun rabu biyu a kai, amma wasan ya kwana wajen 150. A ganina karatunta ya fi gaskiya, kuma duk malamin da ke koyar da wannan wasa a sakandarenmu ya kamata ya san da shi.

Game da fim kuwa, abin da ke gidan kaɗan ne, kuma dalilin a bayyane yake. Fim ya riske ta a makare. Bayan ta bar Lyceum ta kama gidan wasa na Imperial a 1903, ta ɗora ɗanta Gordon Craig a kan tsara dandamali, aka yi asarar kuɗi mai yawa. A 1906 aka yi bikin cikarta shekara 50 a sana'a a gidan wasa na Drury Lane, aka tara mata kusan fam 6,000. A 1907 ta yi aure na uku da James Carew, ɗan wasan Amurka da ta girme wa da kusan shekara 30. Daga 1910 ta koma yawon lacca a kan matan wasannin Shakespeare, har Ostareliya. Ido ya fara mutuwa, haddar jawabi ta fara kuɓucewa. Sai a 1916, tana dab da 70, ta tsaya gaban kyamara a Her Greatest Performance. Ta ƙara wasu 'yan kaɗan, na ƙarshe-ƙarshensu The Bohemian Girl a 1922, inda ta fito a matsayin mai reno tare da Ivor Novello da Gladys Cooper.

In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza, kuma ba kowane gwanin dandamali ne ya iya sabuwar rawar ba. Fim na lokacin ba shi da sauti, ga mace da rabin sana'arta murya ce. Da hannu ake juya kyamara, hoto 16 zuwa 18 a daƙiƙa, in aka haska shi da sauri fiye da haka sai tafiyar mutum ta zama ta tsalle-tsalle. Fim ɗin ba ya ganin launi daidai: ja yakan fito baƙi, shuɗin ido yakan fito fari kamar na makaho, shi ya sa ake shafa wa 'yan wasa hoda mai ruwan ɗorawa a zagaye ido da baƙi. Fitilun ɗaukar hoto suna ƙona ido har mutum ya kwana yana hawaye, balle tsohuwar da aka yi wa aikin yanar ido. Motsin hannun da ake yi don na kujerar ƙarshe ya gani, a gaban kyamara sai ya zama wuce gona da iri. Kuma babu 'yan kallon da za ta ji numfashinsu ta daidaita kanta da shi, sai guntu-guntun fitowa ba a jere ba. Sauƙi ɗaya fim ya yi mata: ba a bukatar hadda, darakta na tsaye yana faɗa mata abin yi ana ɗauka. Yawancin finafinan Ingila na wannan zamani sun salwanta, saboda sinadarin da aka yi zaren fim ɗin da shi yana kamawa da wuta, in ya tsufa kuma ya narke ya zama gari. Muryarta a wasu fayafayan garmaho da ta ɗauka a Amurka a 1911 ta tsira, har da jawabin Portia a kan rahama. Hoto a wuri ɗaya ba murya, murya a wani wuri ba hoto.

Duk abin da na gani a gidan nan, 'yarta Edith Craig ce ta tsare shi. Shekara guda bayan rasuwar uwar, a 1929, ta buɗe gidan ga jama'a, ta kuma mayar da rumbun da ke bayan gida ɗakin wasa. Na shiga. Jinka ce a sama, ta ciyawa mai kauri, itatuwan rufi a bayyane, kujeru wajen 70 na katako da saƙar igiya, kowace da sunan wanda ya biya fam ɗaya aka saye ta. Kowace shekara a zagayowar ranar rasuwarta manyan 'yan wasa kan zo daga Landan su yi wasa a nan, kuma har yau ana wasa a ciki. Hukumar National Trust mai kula da wuraren tarihi ta karɓi gidan, ta ci gaba da riƙonsa bayan rasuwar Edith a 1947. Ina zaune a ɗaya daga kujerun nan tunanina ya tafi ga 'yan wasanmu na rediyo da talabijin na farko, irin su Kasimu Yero da Samanja. Kakin Samanja da takardun wasanninsu da faya-fayen da aka ɗauke su a kai sun cancanci ɗaki guda mai rufi marar yoyo, da mutum ɗaya da zai rubuta abin da ke cikin kowane akwati. Edith ba da dukiya ta fara ba, da kujerar fam ɗaya ta fara.

Kafin in tafi na leƙa ɗan cocin jan bulo da ke kusa, wanda aka sake ginawa bayan gobarar da ta ci ƙauyen a farkon ƙarni na 16. A nan aka yi mata addu'ar jana'iza, kuma bisa wasiyyarta mutane ba su sa baƙaƙen kaya ba. Shekara uku kafin nan, a 1925, aka ba ta lambar girma ta Dame, shekara 30 cif bayan an ba Irving irinta ta maza, wato Sir.

Na sha shayi da burodin nan nasu mai ɗan zaƙi a rumfar da ke jikin rumbun, fam shida, na kira mai tasin da ya kawo ni, don bayan ƙarfe biyar samun mota a wannan hanya sai an dace. Na iso St Pancras da sauran rana. Kwana biyu bayan haka na sauka Abuja da asuba, ana ruwa, na nufi Idu don in sami jirgin Kaduna na safe.